Wata Huɗu da Kwana Goma a Kan Akwatin Malamin Tarihi

Na Allah ne mu, wurinsa muka nufa, kuma taubashina ya riga ni isa. Ya cika ranar Talata da hantsi a gidansa da ke Birnin Kebbi, aka yi masa sutura, aka kai shi bayan azahar. Ba ni da ja da hukuncin Ubangiji. Da mutane nake, kuma zan faɗi abin da ke raina tun da sauran numfashi.

Da aka ajiye makara a ƙofar gida, kafin a ta da salla, liman ya juyo ya ce duk wanda mamaci ya taɓa saɓa wa ya yafe masa. Al'ada ce mai kyau, kowa ya amsa ƙasa-ƙasa. Sai wani Alhaji, tsohon shugaban ƙungiyar iyayen yara a makarantar da marigayi ya koyar, ya gyara babbar rigarsa ya ɗaga murya yadda har na sahun baya za su ji.

"Ni dai na yahe mai. Duk abin da yay yi muna, ni da gidana, mun yahe mai duniya da lahira."

Jama'a suka ɗauka: "Allah shi yi albarka, Alhaji. Wanga shi ad dattako."

Na cije leɓe. Gawa na kwance a gabanmu, ba wurin magana ba ne. Amma tun daga maƙabarta har muka dawo tambaya ɗaya ke cina: me ya yi maka da za ka yafe?

Kwana uku muna zaune a rumfar makoki. An zo daga Argungu, an zo daga Gulma, 'yan Ambursa sun zo a kan babura, ƙafafunsu da taɓon fadama. Kowa ya zauna sai ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri, ba ruwansa da kowa. Wannan ba gaskiya ba ne. Taubashina ba shi da haƙuri ko na sisin kwabo, kuma ruwansa ya kai kowa. Fiye da shekara talatin yana koyar da tarihi a sakandare, amma a rumfar nan ba wanda ya ambaci abin da ya koyar. Sai mutum ɗaya, tsohon abokin aikinsa, Kirista ɗan ƙasar duwatsu ta tsakiyar Najeriya, wanda ya tsufa a garin nan yana koyar da labarin ƙasa. Ya zauna a bakin tabarma, ya cire hularsa ya riƙe, ya ce, "Malam ya gaya wa 'ya'yanku gaskiya, ya gaya wa namu. Ban san wani da ya yi haka ba." Wani ya miƙa hannu ya jawo buta.

Ranar sadakar uku babban ɗan marigayi ya ja ni gefe. Ya ce, "Baba, akwai wanga akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonai. In an yi bakwai ƙone shi za ni yi. Na so ka sani, kada ka ji daga baya."

A cikin akwatin nan akwai littattafan rubutu na ɗalibai, masu bangon takarda, ɗaure-ɗaure da zare, shekara bisa shekara. Kowane littafi labarin wata kaka ne, jikanta ya rubuta da hannunsa. Saboda akwatin nan nake wannan rubutu, kuma sai na koma baya kaɗan kafin a gane nauyinsa.

Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace. Mahaifina da mahaifiyarsa ciki ɗaya suka fito, a wani gida da ke Argungu kusa da gulbi. Wasan taubasai muka tashi da shi. In na shigo gidansu sai in ce, "Ina bawana? Zo ka ɗauki takalmin ubangidanka." Shi kuma ya ce, "Wane ubangida, mai kai kamar tulun Kabawa?" Muna wannan wasa a gaban kakarmu, tana bakin murhu tana gyaran kifi, ba ta taɓa dariya ba. Mun ɗauka tsufa ne. Tsagar fuskarta ba irin ta gidan ba ce, kuma in tana auna shinkafa takan yi ƙidaya da wani harshe da ba wanda ke ji. Ba ta da dangin da take zuwa wa biki. Ni ban tambaya ba. Shi ya tambaya, yana ɗan shekara goma sha biyar, ta kuwa gaya masa: tana yarinya mahaya suka ɗauke ta a bakin rafi, ita da ƙanenta, aka raba su a kasuwa. Sunan da muke kiranta da shi ma ba uwarta ce ta raɗa mata ba.

Daga nan malamin tarihi ya fito, ba daga kwaleji ba.

Sau ɗaya na ga darasinsa da idona. Na dawo hutu daga Kwatano, inda nake aikin tafinta a tashar jiragen ruwa, ya ce in zo in zauna a bayan aji. Ya shigo da wani abu a cikin buhu, ya zazzage shi a kan tebur. Mari ne, irin wanda ake sa wa ƙafar mutum, ya yi tsatsa. Wani manomi ne garmarsa ta tono shi a fadama wajen Gulma.

"Wa ya ƙera wannan?"

Yara suka haɗa baki: "Turawa!"

"To. Kai da ubanka maƙeri ne, taso ka duba."

Ɗalibin ya juya ƙarfen, ya shafa wurin haɗin. Ya ce, "Malam, wanga dukan guduma na. Aikin maƙeranmu na."

"Koma ka zauna. Kun ji. Ba a jirgi aka kawo shi ba."

Kada wani ya ɗauka yana wanke Bature ne. Wallahi ban ga wanda ke fallasa mulkin mallaka kamarsa ba. Littafin gwamnati ya ce Turawa sun zo sun 'yanta bayi. Shi kuwa yakan ce su rufe littafin su saurara. Bature ya hana kasuwar bayi, gaskiya ne, ya kuma ce wanda aka haifa bayan zuwansa ɗa ne. Amma waɗanda ya tarar a rinji, wato ƙauyukan da bayi ke noma wa iyayengijinsu, ya bar su a can, sai wanda ya iya fansar kansa, domin yana bukatar masu ƙasa su tara masa haraji, ba ya son ya ɓata musu rai. Sannan ya ɗebi talakawa, ɗa da bawa, ya ɗora musu kaya a ka, ya sa su saran hanya a rana ba da sonsu ba. Taubashina yakan ce, "Ya rufe kasuwa da hannun dama, ya buɗe aikin tilas da na hagu." In ya zo kan yaƙe-yaƙen Kabi da Gwandu, 'yan Argungu na jiran ya yabi nasu, 'yan Birnin Kebbi na jiran ya yabi nasu, sai ya tambaye su ina aka kai matan da kowane ɓangare ya kama. Yana da magana ɗaya da duk wanda ya zauna ajinsa ya haddace: "Maroƙi na da aikinsa, ni ina da nawa." Kuma kowace shekara yakan kira abokin aikin nan nasa Kirista ya tsaya gaban aji ya faɗi yadda kakanninsa ke gudu su hau dutse in sun ji sukuwar dawaki. Labari ɗaya ne, in ji shi, wani ya gan shi daga kan sirdi, wani daga cikin kogo.

Amma abin da ya jawo masa wuta shi ne aikin gida. Duk hutun ƙarshen zango yakan ba kowane ɗalibi sabon littafi ya ce, "Ka je wurin kakarka. Ban ce ubanka ba, ubanka kirari zai yi maka. Ban ce uwarka ba, kunya za ta ji. Kakarka. Ita ke kiranka mijinta, kai ke ce mata ta tsufa ka sake ta. Tsakaninku ba kunya. Ka zauna ka tsince mata shinkafa, ka tambaye ta wa ya haifi uwarta, daga ina ta zo, da ƙafarta ta zo ko kawo ta aka yi." Ya san ƙofar da al'adarmu ta bari a buɗe, ta nan ya shiga.

Littattafan suka riƙa dawowa. Wasu kakannin sun ce gidanmu na da rinji. Wasu sun ce a rinjin aka haife mu. Da yawa sun faɗi duka biyun, domin jini ya daɗe da cakuɗuwa. Yana da doka a kan wannan aiki wadda bai taɓa karyawa ba: ba a karanta littafin kowa a aji, ba wanda ke ganin na wani, shi kaɗai ke dubawa, ya kulle a akwati, ya ce ranar da ka girma ka zo ka karɓi abinka. Abin da kawai yake karantawa a bainar aji shi ne littafi na farko, nasa, labarin kakarmu. Yakan fara da cewa, "Malaminku jikan baiwa ne. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu mu wuce."

Wata shekara ɗiyar Alhajin nan tana ajinsa. Ta je wurin kakarta, mahaifiyar Alhaji ke nan, tsohuwa ta ba ta labarin tata uwar, wadda aka kamo a yaƙi aka sa a ɗaka. Yarinya ta rubuta, ta kawo, kuma da yake yarinya ce ta tambayi ubanta a gida ko gaskiya ne. Washegari Alhaji ya faɗo ofishin shugaban makaranta, aka kira taubashina, Alhaji ya hau shi da faɗa. Abokin aikin marigayi yana wurin, shi ya ba ni labari.

"Kai wa ya aike ka tonon asalin mutane? Albashin wanga aiki aka ba ka?"

"Alhaji, ni ban san kakarka ba. Mahaifiyarka ta faɗi. Tana gida, je ka ƙaryata ta."

"Ba ni littahin!"

"Ba naka ba ne. Na ɗiyarka ne. In ta girma ta zo."

Ba a yi wata biyu ba aka ɗauke shi daga aji. Ba su kore shi ba, sun fi haka wayo. Suka ba shi tebur a wani ofishin ilimi, da kujera, da fanka, ba ɗalibi ko ɗaya. Shekara bakwai yana zuwa da safe yana komawa da azahar, mutumin da in ya kama alli har ya manta da karin kumallo. A kan teburin nan ciwon hawan jini ya same shi. Wannan shi ne mutumin da aka yafe wa a gaban makara.

Ba zan tsame kaina ba. Na yi yawo, Allah ya sani. Na zauna Yamai, na zauna Kwatano, na je Dakar da Hartum da Zanzibar. A bakin tekun Gana na ga ana sauke 'yan makaranta daga motoci, ana shiga da su kurkukun da aka tara bayi kafin a zuba su a jirgi, malaminsu na gaba yana bayani, yara na share hawaye. Na tsaya ina jinjina musu. Daga baya na lura abin ya zo musu da ɗan sauƙi, domin mai laifin da aka fi nunawa fari ne, kuma ya koma ƙasarsu. A wasu ƙasashen Larabawa da na zauna, in ka ta da maganar sai a zuba maka shayi a canza zance, kamar mu. Namu ya fi wuya, domin wanda ya kama da wanda aka kama suna sahu ɗaya a masallaci, sau da yawa ma suna cikin jikin mutum ɗaya. Na san wannan duka. Ina jin Zabarmanci da Fulatanci da Larabci da Faransanci da Turanci, kuma a duk harsunan nan in an tambayi asalina sai in ce ni jinin mayaƙan Kabi ne. Rabin gaskiya. Kakarmu ban taɓa ambatonta da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Da na ji an ɗauke taubashina daga aji na zo na same shi a zaure yana gyaran rediyonsa. Na ce masa ya je ya ba Alhaji haƙuri, ya miƙa littafin, ya koma bakin aikinsa. Na ce abin da ya wuce ya wuce. Don in sassauta maganar na ƙara da wasanmu: "Ka ji maganar ubangidanka, bawana."

Ya ajiye rediyon. Ya ce, "Ka tsallaka teku ka je ka yi kuka a kurkukun wasu. Matar da ta goya ka, ta tauna maka kifi ta sa maka a baki, ka taɓa tambayarta sunanta?"

Na tashi na fita. Shekara biyu ba mu yi magana ba. Shi ya fara zuwa, ranar da matata ta rasu, ya kwana uku a zaurena yana karɓar gaisuwa kamar shi ne mai gidan. Bai ta da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Amma daga ranar ban sake kiransa da sunan wasan nan ba.

Yanzu ga ɗansa zai ƙone akwati. Ban ce yaron mugu ne ba. Yana da 'ya'ya mata uku da suka tasa, kuma ya san garin nan: in aka zo neman aure sai an aika tsofaffi binciken asali, a shiga gida-gida ana raɗa. Tun ranar jana'iza manya biyu sun kira shi sun ce sun ji akwai wasu takardu, gara a rufa wa juna asiri. Tsoro yake ji, kuma mu muka gina abin da yake tsoro. Muna hawa mumbari mu ce ba wanda ya fi wani sai da tsoron Allah, mu sauko mu hana ɗiyarmu ga yaro mai salla da sana'a saboda an kamo kakar kakarsa a bakin rafi. Wanda ya yi kamun ba ya jin kunya, jikokinsa ma kirari ake yi musu da shi. Wadda aka kama ita ce abin ɓoyewa. Wane irin lissafi ne wannan?

Ranar bakwai da safe, bayan an shafa addu'a, ɗan marigayi ya shiga cikin gida da galan ɗin kananzir. Na bi shi. Muka tarar an jawo akwatin daga ƙarƙashin gado an kai shi ɗakin mahaifiyarsa. Ta shimfiɗa buzun sallar mijinta a kai, ta zauna, carbi a hannu, cikin kayan takaba.

"Inna, tashi in ɗauki wanga abu."

"Ba ni tashi."

"Inna, don Allah. Fitina na cikinai."

"Ni dai nan naka zaman takabata. Ka taɓa jin an tada mai takaba daga inda taz zauna? Je ka tambayi liman."

"To ki koma bisa gado mana."

"Gado na sa ni ciwon baya. Wanga ya yi min daidai."

Ya juyo ya dube ni, na dubi rufin ɗaki. Ta ce, "Kuma ka ji da kyau. Wanga ba gadon ubanka ba ne da za ka yi yadda kaka so. Amana ta. Kowane littahi na da mai shi. Shekara arba'in ina share ƙarƙashin gadon nan, ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. In na fita takaba, abin da yar rage ka yi abin da Allah ya nuna maka, kai da shi."

Ya fita da galan ɗinsa. Wannan mata ba ta yi boko ba, ba ta taɓa wuce Sakkwato ba. Ta yi abin da ni mai harshe shida na kasa.

Labari ya zaga gari, kamar yadda yakan zaga. Bayan kwana goma ina tsakar gidan na zo gaishe ta, sai ga wata mata ta yi sallama, ta kai shekara arba'in, ma'aikaciyar jinya ce yanzu. Ɗiyar Alhaji. Ta durƙusa ta yi ta'aziyya, ta ce ta zo karɓar littafinta. Matar marigayi ta tashi, karo na farko da na ga ta ɗaga buzun, ta buɗe, ta ce ta nemo da kanta. Ta daɗe tana kwance zare kafin ta gane rubutunta na ƙuruciya. Ta buɗe shafin farko ta karanta a zuci, leɓunanta na motsi.

"Babanki ya san kin zo?"

"Shi ya aiko ni, Inna. Ya ce in karɓo in kai mai."

"To?"

Ta rufe littafin, ta sa shi cikin jakarta, ta ja zif. "Malam ya ce nawa ne. Ɗiyata na aji biyar, ba ta san sunan matar nan ba. Yau za ta sani."

Matar marigayi ta mayar da murfi, ta gyara buzu, ta koma ta zauna.

Littafi na farko, na kakarmu, yana hannuna. Na roƙa aka ba ni, domin ni ma jikanta ne. A shafi na biyu na ga sunanta na gaskiya, wanda uwarta ta raɗa mata, da rubutun taubashina yana ɗan shekara goma sha biyar. Na kai shekara saba'in da bakwai kafin in san shi. To, ga abin da ban faɗa a Dakar ba, ban faɗa a Hartum ba, ina faɗarsa a Birnin Kebbi da Argungu inda yake da tsada: ni jikan baiwa ne. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu mu wuce.

Allah ya jiƙan taubashina, ya yafe masa kurakuransa na gaske, yana da su kamar kowa: zafin rai, da baƙar magana, da rashin iya lallashi. Amma aikin ajinsa ba ya cikinsu, kuma yafiyar da aka yi masa a ƙofar gida na mayar wa mai ita, ya riƙe abarsa, zai bukace ta.

Ku kuma da kuka zauna ajinsa, na san kuna nan. Wasunku alƙalai ne, wasu na sayar da albasa a kasuwar Argungu, wasu na koyarwa a azuzuwan da aka hana shi shiga. Tsohuwa tana zaune a kan ƙarfe da ciwon bayanta saboda ku. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kuma wata ɗaya ya riga ya tafi. Gidan bai canza ba, ƙofa a buɗe take daga hantsi zuwa la'asar. Wanda ya bar kakarsa a cikin akwatin nan har ranar da matar Malam za ta tashi, kada ya zo ya ce mini ɗan Malam ne ya ƙone ta.